Kaset ɗin Inna

A makarantar 'yan matan da ke bayan tashar mota, idan ka nemi mai kula da ɗakin karatu da sunanta na gaskiya sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Malama Shiru, ko 'yar aji ɗaya da ta shigo jiya za ta nuna maka ƙofa. Shekara ashirin da shida ke nan tana zaune a bayan teburi ɗaya, tsakanin kantocin littattafai tara da wata fanka mai ƙara wadda ta kai ƙararta ofis har sau huɗu. Ba ta tsawa, ba ta riƙe bulala. Ɗago kai kawai take yi ta leƙo ta saman tabarau, sai ka ga mai tari ta haɗiye tarinta.

Wurin da bakinta ke buɗewa ɗaya ne, in an taɓo zamanin da. Nan fa sai ta ajiye hatimin da take buga wa littattafai, ta gyara zama. Ta tashi ne a shekarun tamanin, a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya, kuma in ka ji yadda take ba da labarinsa sai ka ɗauka ruwan famfon nan zuma ne. A zamaninsu, in ji ta, kayan makaranta a ƙarƙashin katifa ake shimfiɗa su, su kwana su goge kansu. Takardar sabulu ba a yar da ita, a tsakiyar littafi ake sa ta don ƙamshi. Talabijin ɗaya ce a duk gidan, marar kala, a ɗakin wani ma'aikacin gidan waya, yara su jeru a ƙasa, wanda ya yi magana a kore shi. Kullum kuma da abin da take rufe labarin da shi:

"Ni da ina yarinya, sai a wuni ba a ji muryata ba. Har leƙo ni ake a ga ko ina numfashi."

Babu mai ƙaryata ta. Mahaifiyarta, wadda suke kira Inna, ta rasu tun Malama tana shekara goma sha uku. Mahaifinta kuwa mutum ne mai tsadar magana. Duk lokacin da ta faɗi wannan a gabansa sai tari ya kama shi, ya nemi a miƙo masa ruwa.

Mai sauraronta ta gaske ita ce ƙanwarta, Auta, wadda ta ba shekara goma da 'yan watanni. Auta tana da shagon labule da zanen gado, mace ce mai faɗi da dariya, ana jin cinikinta daga tsallaken titi. Ba ta cika shekara uku ba Inna ta rasu, saboda haka ba ta riƙe komai nata ba. Hoto ɗaya ne a gidan, shi ma Inna ta motsa kai lokacin da aka ɗauka, fuskar ta zama hazo. Duk abin da Auta ta sani game da uwarta daga bakin yayarta ta ji shi. Ta haifi yara huɗu, ta yi furfura biyu-uku a gaban kai, amma har yau in sun zauna su biyu sai ta ce, "Yaya, ba ni labarin ranar kaset."

Labarin kuwa ga shi. Baba yana aiki da kamfanin gina hanyoyi, sai ya yi wata shida a daji bai leƙo gida ba. Waya babu. Wasiƙa kuma Inna ta ce ba ta son maganar da sai wani ya karanta wa mijinta da bakinsa. Sai aka koma kaset. A naɗi magana a gida, direban kamfani ya ɗauka ya kai, in zai dawo ya kawo amsa. A gidan akwai rikoda baƙa mai cin batir shida, kuma a duk gidan Malama, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ita kaɗai ta san cewa jan maɓalli ba ya dannuwa sai an haɗa shi da na kusa da shi. Wannan ilimi ya sa ta zama babbar ma'aikaciya. Ranar naɗi ita ke kashe fanka, ita ke zagaya maƙwabta ta ce a dakata da daka, ita ke rufe taga.

Inna kuma sai ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mafi kyau, har da turare, kamar akwatin zai kai wa Baba ƙamshin. Ta zauna a bakin gado ta miƙe baya, ta haɗa hannuwa a cinya. Da aka danna sai ta yi gyaran murya ta fara gaisuwa a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi aiki, ta tambayi ciwon bayansa, ta ce yara lafiya, jaririya ta fara zama. Ko rabin gefe ɗaya ba ta cika ba maganarta ta ƙare, ta yi wa yarinya alama da ido a kashe. Ba a aika kaset ɗin ba. Kwana uku bayan nan ruwan sama ya tsayar da aikin hanya, sai ga Baba da jakarsa a bakin ƙofa. Ya saurara a gaban mai maganar tana rufe fuska, sannan ya sa ɗan makulli ya ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke ƙeyar kaset, waɗanda in babu su ba a iya sake naɗar komai a kai. Ya ce wannan ajiyewa za a yi.

Nan Malama take tsayawa. In Auta ta tambayi ina kaset ɗin yake, sai ta ce yana wurin Baba, kuma Baba ba ya son a tayar masa da zancen.

Watanni huɗu da suka wuce Baba ya rasu, cikin tsufa da kwanciyar hankali. Da hankali ya ɗan dawo, su biyu suka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Akwai katin shaidar aiki, da tef ɗin awo, da tabarau uku duk masu ƙafa ɗaya. A can ƙasa, cikin safa, ga kaset. An manna masa 'yar takarda, da rubutun Baba mai kwanciya gefe: Muryarta.

Auta ta rungume shi a ƙirji ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yaya, yau zan ji uwata."

Malama ta karɓa ta juya shi a hannu, tana shirin yin bayani irin na masana. Sai idonta ya faɗa kan ƙeyarsa. A cikin ramukan nan biyu da Baba ya ɓalle, an cusa takarda, an ninke ta tsaf, ta yi ja don tsufa. Har layin shuɗi na littafin makaranta ana gani. Ta yi sauri ta ɗora babban yatsa a kai.

Ta san wannan ninkin. Shekara arba'in da ɗaya abin yana kwance a wani lungu na ranta, ba ta taɓa ɗaga shi ta duba ba. Ta tuna wata rana da hantsi, ba makaranta, Baba ya fita, rikoda tana kan teburi da sabon batir. Ta tuna ta ɗauki wani kaset marar rubutu a cikin durowa, jan maɓalli ya ƙi dannuwa, ita kuma ta san maganinsa. Abin da ba ta taɓa yarda ta tambayi kanta ba shi ne wane kaset ne. Tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. Abin da ta riƙe ta lallashi kanta da shi ɗaya ne, ai Baba ba zai rubuta Muryarta a kan abin da babu muryarta ba.

Daga ranar Malama ta zama mai uzuri. Ta ce yanzu ina za a sami rikoda, ai sun ƙare a duniya. Ta ce zaren ya tsufa, ana sa shi zai tsinke. Ta ce ana jarrabawa a makaranta. Ta ce ƙafarta. Mako uku tana wannan, Auta kuwa tana bin masu gyara layi-layi, har wata Asabar ta yi sallama da mayafi a kafaɗa ta ce, "Na samo. Tashi mu je, ƙafar ma a mota za ta zauna."

Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, faɗinsa bai wuce mutum biyu su tsaya ba. Matattun talabijin a jibge har rufi, wayoyi na reto, ga ƙaurin dalma. Mai gyaran dattijo ne siriri, da gilashin ƙara girma a rataye a wuya. Ya share musu benci da hannun riga, ya jawo wata rikoda daga ƙarƙashin tebur yana hure mata ƙura. Ya ce shekara bakwai rabon da wani ya tambaye ta, amma ya san ranarta za ta zo. Ya goge mata kai da auduga, ya canja mata roba, sannan ya karɓi kaset ya zura biro a ramin ya ɗan juya don zaren ya saki jiki. Yana juyawa sai ya tsaya, ya ɗaga gilashinsa.

"A'a. Wa ya yi wannan aikin?"

"Wane aiki, Malam?" in ji Auta.

"An toshe kunnuwan. An sake naɗar wani abu a kai ke nan. Kuma wanda ya yi ƙwararre ne, dubi yadda ta zauna daram."

Malama ta dubi rufi. Ta ce, "Ko ɓera ne. Akwatin ya daɗe."

"To, Hajiya," in ji mai gyara, "ɓeran dai ya yi makaranta, don ninki huɗu ya yi mata."

Auta ta dubi yayarta. Mai gyara ya sa kaset ya rufe, ya danna. Aka ji shuuu na ɗan lokaci, sai ƙarar wani abu kamar an ja kujera. Sai wata murya siririya, mai kaifi, cike da isa, ta cika shagon.

"Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka! Ga shirinku ya sake zagayowa, tare da ni mai gabatarwa, wadda kuka sani, kuke ƙauna."

Malama ta rufe ido.

Mai gabatarwa ba ta tsaya shan iska ba. Ta fara da gaishe-gaishe. Ta gaida mutanen ɗaki na ɗaya har zuwa na goma sha biyu, ban da 'yar ɗaki na bakwai, wadda ta ari jan biro tun ranar Talata ta ce ya ɓata, alhali an gan shi a jakarta. Ta karanta labaran duniya, inda aka ji cewa akuyar mai gida ta cinye ɗankwalin matar tela a kan igiya, kuma har yanzu hukuma ba ta ce komai ba. Ta yi tallan sabulu da waƙar da ta ƙirƙira nan take. Ta gayyato likita, ta yi masa tambaya da muryarta, ta amsa da murya mai kauri cewa yawan wanke-wanke yana hana yarinya tsawo. Ta gode wa likita. Ta yi wa kanta tafi.

Mai gyara ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Auta ta riƙe ciki, hawaye na zuba, tana nuna yayarta da yatsa.

"Yaya! Ke ce ake leƙowa a ga ko kina numfashi?"

"Ba kullum nake haka ba," in ji Malama, da muryar da ita kanta ba ta yarda da ita ba.

"Wallahi sai na kai wa 'yan makarantarku. A lasifika za a sa, ranar taron iyaye."

Minti goma, minti goma sha biyar, mai gabatarwa tana nan. Ta shiga hasashen yanayi. Ta shiga wasan kwaikwayo mai mutum huɗu, duk ita ce. A nan ne dariyar Auta ta fara raguwa. Ta matso ta leƙa 'yar tagar rikoda, ta ga zaren gefen hagu ya kusa ƙarewa, na dama ya yi ƙiba. Ta juyo a hankali.

"Yaya, kin ce maganar Inna ko rabin gefe ba ta kai ba."

"Haka ne."

"To mun wuce rabi."

Malama ta sunkuyar da kai.

"A kan muryar Inna kika yi wannan?"

"Ban sani ba, Auta. Wallahi ban san shi ne ba. Babu rubutu a jikinsa lokacin." Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Na yi zargi. Tun ranar da muka buɗe akwati na yi zargi, na kasa gaya miki."

Auta ta koma ta zauna a ƙarshen benci, ta ba yayarta baya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce da bango, "Ke kin ji ta shekara goma sha uku. Ni minti goma kawai na zo nema." Kunya da baƙin ciki suka rufe Malama. Ita ce ta reni yarinyar nan, ta yi mata kitso, ta kai ta makaranta, ta ba ta uwa da baki tunda babu ta a ido, ashe abu ɗaya da ya rage na gaske ita ta shafe shi da tallan sabulu. Mai gyara ya daina dariya, ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi, Malam," in ji Auta. "Ya ƙarasa. Ai mun zo."

A cikin rikoda, can nesa, jaririya ta fara kuka. Mai gabatarwa ta yi tsaki.

"Masu saurare, ku yi haƙuri da wannan ƙara. Wata ce a nan ba ta da aiki sai kuka. Za mu ci gaba."

Kukan ya ƙaru. Aka ji ƙofa ta buɗe, aka ji takun silifa. Sai wata murya ta babbar mace, mai sauri, mai ɗan kaushi, ta shigo daga gefe.

"Ke! Tun ɗazu nake kiranki. Yarinya na ta tsala kuka, ke kina nan kina surutu da akwati? Batir ɗin babanki kike ƙararwa ko? Wai bakin nan naki ba ya gajiya ne?"

"Inna, shiri fa nake gabatarwa. Duk duniya na jin ki."

"To duk duniya ta ji, 'yata ba ta wanke kwanuka ba."

Sai matar ta fashe da dariya, dariya mai yawa, daga ciki, har da ɗan tari a ƙarshenta. Gado ya yi ƙara. Kukan jaririya ya matso kusa, ya fara sassautawa. Muryar ta sauko ƙasa, ta yi laushi, kusa da rikoda sosai har ana jin numfashinta.

"Zo nan, zo nan, ƙaramata. Ya isa. Ga ni, ai ga ni. Wa ya taɓa min ke? Iye? Faɗa min in rama miki. Wa ya taɓa min ke?"

Ƙat. Sai shuuu, har zaren ya ƙare maɓalli ya tashi da kansa.

Babu wanda ya motsa. A waje wani yana ta danna hon. Ita kanta Malama ta manta wannan muryar. Wadda ta riƙe shekara da shekaru tana kwatanta wa Auta ita ce ta ranar kaset, mai tafiya a hankali, ta mace mai jin kunyar akwati. Wannan kuwa ita ce ta kullum, wadda ke tashin ta da safe, ke aiken ta shago, ke kiran ta daga bakin famfo.

Auta ta juyo, fuskarta jiƙe. "Ni ce wannan?"

"Ke ce."

"Ni take wa magana?"

"Ke take wa."

Mai gyara ya ciro kaset ya ɗaga shi saitin haske, ya ja zaren kaɗan da bakin biro, ya duba da gilashinsa. Ya ce, "Hajiya, ku ga wani abu. Duk zaren nan lafiyarsa lau, kamar ba a taɓa sa shi ba. Amma ɗan wannan wurin na ƙarshe ya sha wuya, har ya yi haske. Wani ya yi ta mayar da shi baya yana saurara, ba sau ɗari ba."

Malama ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Shekara arba'in Baba ya san abin da ta yi, bai taɓa ce mata uffan ba.

"Malam, mayar mana," in ji Auta. "Daga inda aka buɗe ƙofa."

Ya mayar da zaren baya da hannu, da biro, a hankali, don kada na'ura ta ja wurin da ya riga ya gaji. Ya sa, ya danna. Takun silifa, faɗa, dariya, ƙarar gado. Auta ta durƙusa a ƙasan shagon da zanenta mai tsada, ta kafa kunne a jikin rikoda.

"Wa ya taɓa min ke? Iye? Faɗa min in rama miki."

"Yaya ce, Inna," in ji Auta. "Yaya ce."

Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi, ya zama kuka. Ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, ta laluba har ta kama na yayarta, ta riƙe gam. Mai gyara ya ciro kaset, ya sake zura biro, bai jira an ce masa ba.